Dabara a kan ofareta, oga bai sani ba: shugabanci da adana sani a injinan shinkafa na Gombe

Duk mai injin gyaran shinkafa a Gombe ya san wannan lissafi ko da bai taɓa rubuta shi ba. In aka zuba kilo 100 na shanshera, wato shinkafar da ba a ɓare ba, wajen kilo 20 ɓuntu ne, kilo 8 zuwa 12 dusa, ragowar kilo 68 zuwa 72 ita ce shinkafar da za ta shiga buhu, in komai ya tafi daidai a inji mai kyau. Ƙananan injinan da ke ɓarewa da gogewa a zubi ɗaya ba sa kai nan, sukan tsaya a kilo 50 da ɗoriya. Amma sai ka tarar da masana'anta biyu, injinsu iri ɗaya, shansherarsu duk daga Dadin Kowa, ɗaya tana fitar da 62, ɗaya 66. Ƙarfen bai bambanta ba. Abin da ya bambanta shi ne mutanen da ke tsaye gaban injin, da abin da suka lura da shi, da kuma ko abin nan da suka lura da shi yana kaiwa kunnen mai wurin.

A ce masana'anta tana cin kilo 5,000 na shanshera a rana. Ƙarin kashi 2 cikin 100 kacal kilo 100 ke nan, buhu biyu masu kilo 50. A kwana 26 na aiki buhu 52. Babu sabon inji, babu bashin banki. Irin wannan ƙarin yana fitowa ne daga ƙananan gyare-gyare: sauya lokacin kwashe shanya, daina haɗa doguwar shinkafa da gajera a zubi ɗaya, musanya robar ɓarewa kafin ta cinye gefe guda. Wannan shi ne ƙirƙira a wurin aiki irin namu, kuma kusan kullum wanda ya fara hango ta lebura ne ko ofareta, ba mai zama a ofis ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abu biyu ke kashe irin waɗannan dabaru. Na farko, ma'aikaci ya sani amma ba zai faɗa ba, saboda ya ga abin da ya sami wanda ya faɗa kafinsa. Na biyu, ya faɗa, an yi amfani da ita, amma ta tsaya a kansa shi kaɗai, ranar da ya koma wani kamfani a Kumo ko Kano ya tafi da ita. Na farkon matsalar shugabanci ce, na biyun matsalar adana sani. Da injin shinkafa zan yi misali, amma mai matsar man gyaɗa, da mai ruwan leda, da mai garejin gyaran mota duk za su ga kansu a ciki.

Yadda oga ke karɓar mugun labari

Manaja ya zagayo da safe, hannu a baya.

"Malam, yaya aiki? Ba matsala ko?"

"Lafiya lau, ranka ya daɗe."

Alhali kwana uku ke nan ofaretan yana jin boris ɗin injin gogewa yana kuka, kuma ya taɓa murfinsa ya ji zafin ya wuce na kullum. Bai yi ƙarya don mugunta ba. Tambayar ce ta zo da amsarta a ciki. A tarbiyyarmu, babba ya ce maka "ba matsala ko?" a gaban mutane, ba ka cewa akwai. Ga kuma lissafin da ya yi a zuci: in ya faɗa, za a tsayar da inji, Alhaji zai yi waya yana faɗa, ƙila a ce shi ne bai sa giris ba, a cire kuɗin boris a albashinsa. In ya yi shiru, wataƙila abin ya lalace a hannun mai aikin dare. Kowane mai hankali a matsayinsa shiru zai zaɓa.

Cire kuɗin ɓarna daga albashi shi ne babban abin da ke rufe bakin ma'aikata a ƙananan masana'antunmu. Mai wuri yana ganin yana koya musu kula da kaya, alhali ɓoye ɓarna yake koya musu. Boris ɗin da za a canza a minti arba'in sai ya kama, ya cinye sandar da yake riƙe da ita, a kwana biyu ana jiran mai walda ko kayan gyara daga Kano. Dokar ƙwadago ta Najeriya ma ta taƙaita irin wannan cire-ciren, amma ko babu doka, lissafin kasuwa ya isa hana shi.

Ba cewa ake a bar kowa ya ɓata kaya ya tafi salin-alin ba. Ɓarna iri-iri ce, kuma shugaban da ya san aikinsa yana rarrabewa kafin ya buɗe baki. Wanda ya bar inji yana gudu ya tafi shan shayi, ko ya saci gas daga janareta, wannan ganganci ne, hukunci ya hau kansa. Wanda ya manta matse bel saboda babu wanda ya taɓa gaya masa sau nawa ake dubawa, laifin tsarin ne, tsarin za a gyara. Wanda kuwa ya nemi izini ya gwada wata dabara a buhu biyar, ba ta yi ba, wannan godiya ya kamata a yi masa, don ya saya wa kamfani sani da arha. In aka haɗa ukun aka yi musu tsawa iri ɗaya, na ukun ne zai fara ɓacewa.

Wata malamar jami'ar Harvard, Amy Edmondson, ta yi bincike a asibitocin Amurka a shekarun 1990 kan kurakuran ba da magani. Ta zaci sashen da ma'aikatansa suka fi jituwa da shugabansu shi zai fi ƙarancin kuskure a rubuce. Sai ta tarar da akasin haka: su ne suka fi yawan rahoton kuskure. Ba don sun fi kowa yi ba, sai don ba sa tsoron faɗa. Saboda haka mai masana'antar da littafinsa na matsaloli ya yi wata guda fari fat bai kamata ya yi murna ba. Inji mai bel da boris da roba ba ya wata guda babu abin faɗi.

Tun a 1939 masanin halayyar ɗan Adam Kurt Lewin da abokan aikinsa suka gwada salon shugabanci uku a kan ƙungiyoyin yara maza 'yan kimanin shekara goma masu aikin hannu. Ƙungiyar da ke ƙarƙashin mai ba da umarni kawai ta yi aiki sosai muddin yana tsaye a kansu, da ya fita daga ɗakin aiki ya ja baya. Wadda shugabanta ke shawara da su ta ci gaba da aiki ko ba ya nan. Wadda aka sake wa linzami gaba ɗaya ita ta fi kowa rashin kataɓus. Yara ne, ba leburori ba, kuma Amurka ce, ba Gombe ba, don haka kada a ɗora wa gwajin nauyin da ya fi ƙarfinsa. Amma tambayar da ya bari ta dace da mu ƙwarai: me ke faruwa a masana'anta da ƙarfe biyun dare, ko makon da Alhaji ya tafi Umara? A ganina salon da ya fi yawa a nan ba ma ɗaya daga cikin ukun ba ne zalla. Mai wuri yana da shago a kasuwa ko aikin gwamnati, ya bar wa ƙaninsa ko ɗansa, ba ya leƙowa sai an yi asara, ranar kuma ya zo da wuta. Sakaci na mako uku, tsawa ta yini ɗaya. A irin wannan wuri ma'aikaci ba ya iya hasashen abin da zai biyo bayan maganarsa, shi ya sa ba ya yin ta.

Gyaran ba ya buƙatar kuɗi. A fara da canza tambaya. Maimakon "ba matsala ko?", a ce: "Jiya wane abu ne ya fi ɓata maka lokaci?" ko "In da za a gyara abu ɗaya a injin nan yau, wanne za ka zaɓa?" Tambayar da ta riga ta amince cewa akwai matsala tana sauke wa ƙarami nauyin rashin kunya. Sannan a yi taron minti goma kowace safiya, a tsaye, kusa da inji ba a ofis ba, a duba abu uku: nawa aka zuba jiya nawa ya fito, me ya tsayar da aiki da minti nawa, wa ke da abin da yake so a gwada. A fara da mafi ƙanƙanta a wurin, helima, wato shugaban leburori, ya biyo, manaja ya zo ƙarshe. In babba ya fara magana, sauran "haka ne" kawai za su ce. Akwai kuma waɗanda ko an yi haka ba za su buɗe baki cikin taro ba, musamman matan da ke tsince da shanya, waɗanda su ne suka fi kowa ganin halin shansherar da ake kawowa. Su sai a sami babba a cikinsu ta tattaro maganarsu, ko a same su a wurin aikinsu.

Dole kowace shawara ta sami amsa cikin mako guda, ko da amsar a'a ce, tare da dalili. "Za mu duba" da ba a sake waiwayarta ba ta fi a'a ciwo. Kuma a lura da helima. Sau da yawa yaro ya gaya masa dabara, ya ce masa "kai ka fiye surutu", bayan sati biyu ya kai wa manaja a matsayin tasa. Yaron ya gani, abokansa sun gani, an rufe wannan ƙofar ke nan. Maganinsa rubuta sunan mai shawara a littafi ranar da ya faɗe ta, da kuma auna helima da yawan shawarwarin da suka fito daga yaransa, ba daga bakinsa ba. Kamfanin Toyota ya kafa tsarin karɓar shawarar ma'aikata tun 1951, kuma a masana'antunsa an ba ma'aikacin layi igiyar da zai ja in ya ga matsala, shugaban sashe ya zo da sauri ya taimaka. Igiyar ba ta da tsada. Abin da ke da wuya shi ne shugaban da zai iso ya tambayi abin da ya faru kafin ya tambayi wanda ya yi.

Sanin da ke cikin kunne da haƙori

A kusan kowace masana'antar shinkafa akwai dattijo ɗaya wanda zai ɗebi ƙwaya daga shanya, ya gatsa, ya ce "saura kaɗan" ko "kwashe". Zai tsaya bakin ƙofa ya ji ƙarar inji ya ce roba ta ci. Ka tambaye shi yaya ya sani, ya ce "ai a ji ake ji". Ba rowa yake yi ba, aƙalla ba kullum ba. Akwai sanin da mai shi ba ya iya zayyana shi da baki.

A tsakiyar shekarun 1980 kamfanin Matsushita na Japan yana ƙera injin yin burodi na gida, burodin ya ƙi yin kyau duk da injiniyoyi sun auna komai. Sai wata ma'aikaciyarsu, Ikuko Tanaka, ta je ta zauna koyon aiki wurin babban mai gasa burodi na wani otal a Osaka. Da hannunta cikin ƙullu ta gane cewa ba ja kawai yake yi ba, yana murɗawa yayin da yake ja, abin da shi kansa bai taɓa ambata ba. Aka sake fasalin cikin injin don ya kwaikwayi murɗawar. Wani masanin harkar gudanarwa ɗan Japan, Ikujiro Nonaka, ya yi amfani da wannan labari wajen bayanin yadda sanin da ke jikin mutum ke komawa sanin kamfani: a zauna tare a yi aikin, sannan a mayar da abin da aka gani magana da adadi, sannan a rubuta.

Ga yadda ake yin haka da gatsar shinkafa. A sayi na'urar gwada danshi ta hannu. Duk lokacin da dattijon ya gatsa ya yanke hukunci, yaron da aka haɗa shi da shi ya auna wannan shanyar da na'ura, ya rubuta abin da Baba ya ce da abin da na'ura ta nuna. In aka tara gwaji talatin, za a ga "kwashe" ɗinsa a wane adadi take faɗawa. Danshin da ake so wurin ɓarewa kashi 14 cikin 100 ne ko kusa da haka. In ya yi yawa ƙwaya tana da laushi, tana dagargajewa. In ta bushe ta wuce kima, ta yi ƙasa da 12, tana karyewa. In haƙorin Baba yana faɗawa a 13 zuwa 14, an tabbatar da gwanintarsa, kuma yanzu kowane yaro zai iya kaiwa ga hukuncinsa da na'ura. In yana faɗawa a 11, an gano inda shinkafa ke karyewa shekara da shekaru. A faɗa masa wannan a keɓe, cikin girmamawa.

Sai dai sau da yawa rowar gaskiya ce, kuma tana da dalili. Mutumin da babu takardar ɗaukar aiki a hannunsa, babu fansho, abin da ya sani shi ne kaɗai abin da ya hana a sallame shi a ɗauki yaro a rabin albashinsa. Ka ce masa ya koyar, a kunnensa ka ce ya haƙa ramin kansa. Ba wa'azi ke warware wannan ba. A ba shi matsayin mai koyarwa a fili, da alawus na wata-wata a kan kowane yaron da ya iya aikin har ya tsaya shi kaɗai, a kuma rubuta masa cewa koyarwar ba za ta zama sanadin rage shi ba. In mai wuri ya karya wannan alkawari sau ɗaya, labarin zai zaga duk masu injin garin, kuma babu ƙwararren da zai sake koya wa kowa komai a gidansa.

Koyarwar kanta tana da tsari. "Tsaya ka kalla" na shekara biyu ɓata lokaci ne. Hanyar da masana'antun Amurka suka yi amfani da ita lokacin yaƙin duniya na biyu don horar da sababbin ma'aikata da sauri, wadda daga baya Japan ta ɗauka, mataki huɗu ce: a shirya mai koyo a gaya masa amfanin aikin, a nuna masa ana faɗin kowane mataki da dalilinsa, ya yi da hannunsa yana faɗin matakan da dalilan da bakinsa, sannan a bar shi ana leƙo shi a kai a kai har a tabbata. Dalilin shi ne ginshiƙi. Ɗauki robar ɓarewa. Guda biyu ne suna juyawa suna fuskantar juna, ɗaya ta fi ɗaya sauri, bambancin saurin ne ke sulle ɓuntu. Mai saurin ta fi saurin cinyewa, shi ya sa ake musanya musu wuri. Yaron da aka ce wa "musanya" kawai zai yi in ya tuna. Wanda ya san dalili zai lura da kansa cewa shanshera ta fara fitowa ba a ɓare ba, ba kuma zai yi ta matse tazarar robar har ƙwaya ta riƙa karyewa ba. Irin wannan yaron ne wata rana zai zo ya ce, "Yallaɓai, shinkafar Faro 44 da 'yar gajerar nan da ake kawowa daga kasuwar Tudun Hatsi ba tazara ɗaya suke so ba, me zai hana a raba su?" Sabuwar dabara ba ta fitowa daga wanda bai san dalilin tsohuwar ba.

Sai littafi. Babban littafin rajista mai kauri, ɗaure da igiya kusa da inji, ba a kulle a durowar manaja ba. Kowane zubi layi ɗaya: kwanan wata, daga ina shanshera ta zo, wane iri, danshinta, kilo nawa aka zuba, kilo nawa ya fito, nawa ce karyayya, wa ke kan inji. Auna karyayya ba wuya: a ɗebi giram 100 daga abin da ya fito, a ware da hannu duk ƙwayar da ba ta kai kashi uku cikin huɗu na tsawon cikakkiya ba, a ɗora a ƙaramin sikeli. Minti goma ne. A ƙarshen littafin a ware shafuka na lalacewa: me ya tsaya, ƙarfe nawa, minti nawa, me aka tarar, me aka canza, wa ya gyara, lambar kayan da aka sa. Lambar boris da ta bel kaɗai, in an rubuta, tana hana a tura yaro kasuwa sau uku. Awannin janareta ma a nan suke, don yawancin masu amfani da gas ana canza musu baƙin mai ne bayan awa 250 na aiki, sai dai in littafin injin ya faɗi wani adadi, kuma da yadda wutar kamfanin rarraba lantarki na JED ke zuwa tana ɗaukewa babu mai iya riƙe wannan lissafi da ka.

A rubuta da Hausa. Littattafan da ke zuwa da injinan nan da Turanci suke ko Sinanci, ma'aikata kuwa akwai Bafulatani, akwai Batangale, akwai Tera da Waja da Bolewa, Hausa ce ta haɗa su. Wanda ajami ya iya ya rubuta da ajami. Wanda ba ya rubutu ya yi saƙon murya a zauren WhatsApp na masana'anta, amma a sa akawu ya kwashe saƙonnin zuwa littafi kowace Asabar, don abin da ke cikin zaure nutsewa yake ƙarƙashin gaisuwar Juma'a, kuma waya tana ɓata. Bidiyon minti uku na yadda ake canza roba ko share rariyar injin cire tsakuwa ya fi shafi biyar amfani. A ajiye shi a wuri biyu.

Masu aikin rana da na dare su haɗu na minti goma a gaban littafin kafin wani ya tafi. Yawancin ɓarnar dare daga abin da na rana ya sani bai faɗa ba take.

In abu ya lalace, kada a tsaya a amsar farko. Bel ya tsinke, me ya sa? Ya yi zafi. Me ya sa ya yi zafi? Yana zamewa. Me ya sa yake zamewa? Ya saki, ba a matse ba. Me ya sa ba a matse ba? Sifanar da ta dace tana sito, mai sito kuma yana tashi ƙarfe shida da makulli. Ashe matsalar bel matsalar makulli ce, maganinta ƙusa a bango da sifana a rataye. Da an tsaya a "wa ke kan inji?" da an cire wa wani kuɗi, bel na gaba kuma ya tsinke a wata mai zuwa.

A ofisoshin gwamnati cutar ɗaya ce da wata riga. Ma'aikaci ya cika shekara 35 yana aiki ko 60 da haihuwa, ya yi ritaya, takardar miƙa aikinsa shafi ɗaya ce mai lissafin kujeru da kabad. Wanda ya san dalilin da ya sa ake bin wani fayil ta wata hanya ya tafi gida. Wata shida kafin ranar ya kamata a haɗa shi da magajinsa a teburi ɗaya.

Gwaji da lada

Shawara ba ta zama dabara sai an gwada, kuma gwajin da ba shi da iyaka shi ke tsorata mai wuri. A sa masa iyaka tun farko. Abin da bai taɓa inji ko ingancin kaya ba, kamar inda ake jera buhuna ko hanyar da baro ke bi, ma'aikaci ya canza da kansa ya faɗa da safe. Abin da ya shafi saitin inji ko lokacin jiƙo da shanya, da izinin helima, a kan buhu biyar zuwa goma. Abin da ya shafi wutar lantarki, tukunyar turara, murfin kariyar bel, ko tsabtar da hukumar NAFDAC ke dubawa, babu gwaji sai da manaja da wanda ya san fannin. A nan umarni ne, ba shawara ba, kuma shugaban da ya sassauta a nan ba kirki ya yi ba.

Misali, mai shanya ta ce shinkafar da aka turara tana karyewa ne saboda ana barinta a rana tun safe har la'asar a kan siminti. Tana da hujja. Shanshera tana fitowa daga turara da danshi sama da kashi 30. In aka busar da ita a tashi ɗaya cikin zafin Maris ko busasshiyar iskar hunturu, saman ƙwaya yana bushewa ya bar cikinta da jiƙe, sai ta tsage a ciki, tsagar da ido ba ya gani sai ta shiga inji. Haka in ta bushe sosai aka bar ta raɓa ta sauka a kanta da dare. Hanyar da aka sani ita ce a busar zuwa wajen kashi 18 ko 20, a tara ta a inuwa a rufe na wasu awanni danshin ciki ya fito ya daidaita, sannan a ƙarasa a hankali zuwa 14. To a gwada: tukunya ɗaya, a raba biyu, rabi yadda aka saba, rabi sabuwar hanya, ofareta ɗaya, saiti ɗaya, a auna karyayya a kowanne. A maimaita sau uku, don sau ɗaya na iya zama dace. Kuskuren da aka fi yi shi ne canza abu biyu lokaci guda, a sauya shanya a kuma sa sabuwar roba, sakamako ya yi kyau, ba a san wanne ya jawo ba. Na biyu shi ne gwada sabuwar hanya da shansherar wani dila, tsohuwar da ta wani.

Bayan gwaji a zauna minti goma sha biyar da tambayoyi huɗun da sojojin Amurka ke amfani da su bayan atisaye: me aka yi niyya, me ya faru, me ya kawo bambancin, me za a yi nan gaba. In dabarar ta yi, a rubuta ta a kwali da manyan baƙaƙe, da sunan mai ita da kwanan wata, a manna inda ake aikin, a koya wa masu aikin dare a makon. In ba ta yi ba, ita ma a rubuta, don kada wani ya sake ɓata buhu goma a kanta baɗi.

Batun lada yana son hankali. In aka ce kowace shawara naira kaza, za a cika littafi da shirme, kuma kowa zai ɓoye tunaninsa kada abokinsa ya riga shi. In aka ce babu komai sai "Allah ya yi albarka", ma'aikaci zai ga buhu 52 sun ƙaru a wata, shi ko kwano bai gani ba. Abin da na fi gamsuwa da shi shi ne a ɗaure lada da ribar da littafi ya nuna: wani kaso da aka sanar tun farko, misali ɗaya cikin goma na abin da aka samu a wata ukun farko, a raba tsakanin mai shawarar da waɗanda suka yi gwajin tare da ita, a bayar a gaban kowa. Kason na iya zama ƙasa ko sama da haka gwargwadon ƙarfin wuri, amma kada a canza shi bayan an ga yawan kuɗin.

Littafin kansa yana iya mutuwa yana raye. Bayan wata biyu sai a fara cike shi daga ka ranar Asabar, don kada manaja ya yi faɗa. Ana gane haka da sauƙi: biro ɗaya da rubutu ɗaya na mako guda, shafi fes babu ƙurar dusa, danshi 14 daidai kowace rana, damina da rani. In an ga haka, kafin a tuhumi mai rubutu, manaja ya duba yaushe rabon da ya buɗe littafin a taron safe ya yanke wani hukunci da abin da ke ciki, ko ya ƙi karɓar shansherar wani dila saboda layi goma sun nuna tana yawan karyewa. Sannan a ɗauki zubi ɗaya ba zato, sau ɗaya a mako, a sake auna giram 100 a gaban ofareta, a kwatanta da abin da ya rubuta.